Ikilisiyarmu ta rabu biyu tun da aka canza mana fasto, me zan yi?

Tambaya: Ni dattijo ne a wata ikilisiya mai mutum wajen 350. Faston da ya yi shekara takwas tare da mu an canza masa wurin aiki bara, aka kawo mana wani, matashi, wanda ba ɗan ƙabilar yawancinmu ba ne. Da zuwansa ya rushe kwamitin gini ya karɓi sayen kaya da kansa, ya mayar da sujadar Hausa ƙarfe shida da rabi na safe ya ba ta Turanci ƙarfe tara. Wata bakwai ke nan ba a karanta mana rahoton kuɗi ba. Yanzu mutum kusan 90 sun daina ba da zakka, suna taruwa ran Laraba a gidan wani, suna waya da tsohon fasto, suna shirin buɗe tasu sujadar a ajin makaranta. Shi kuwa fasto kowace Lahadi wa'azinsa a kan Kora, wanda ya tayar wa Musa a jeji, da masu tawaye ne. Mu dattawa tara ne: huɗu nan, huɗu can, sai ni. Matata tana wancan ɓangare, ɗana yana wannan. Kowa jira yake in faɗi inda na tsaya. Me zan yi?

Amsa: Baba Dattijo, alheri da salama su tabbata a gare ka.

Mun karanta wasiƙarka muna neman inda aka saɓa a kan koyarwa, ba mu gani ba. Babu wanda ya musa tashin Almasihu daga matattu, babu gardama a kan baftisma ko Jibin Ubangiji. Abin da muka gani kuɗin gini ne da ba a yi bayaninsa ba, da tsofaffi da aka tura sujadar asuba ba tare da an shawarce su ba, da jama'ar da zuciyarta ta bi tsohon makiyayinta, da saurayi da ya tsorata ya mayar da bagadi wurin kare kansa. Wannan ya kamata ya kwantar maka da hankali, domin duka huɗun suna gyaruwa. In ka bari aka lulluɓe su da sunan "tawaye" a wancan gefe da "kama-karya" a wannan, to a nan ne gyara zai gagara.

Kada ka faɗi inda ka tsaya. Ranar da ka zama na biyar a wani ɓangare, ƙuri'a za ta ba wasu nasara, kuma mutum 90 ko 260 za su fita da ciwo a rai. Sai dai kuma shirun da kake yi yanzu ba ya taimakon kowa. Darajar kujerarka ita ce har yanzu kowane gefe yana amsa gaisuwarka. Yi amfani da ita ka nemi abu ɗaya daga kowa: a bi tsari, a zauna, a buɗe littafi.

Irin wannan rabuwa ta faru a Korinti, kuma yana da kyau ka sake karanta 1 Korintiyawa sura 1 zuwa 4 kafin ka yi magana da kowa. Mutanen gidan Kuluwi ne suka kai wa Bulus labari cewa wasu na cewa su na Bulus ne, wasu na Afolos, mai wa'azin da ya zo bayan Bulus, wasu na Kefas, wato Bitrus. Bulus shi ya kafa ikilisiyar, ya zauna da su shekara ɗaya da wata shida, yana da ɓangaren da ke goya masa baya. Lura da abin da ya yi da wannan goyon baya: ya ƙi karɓarsa. Ya tambaye su ko shi aka gicciye dominsu, har ya gode wa Allah da bai yi wa yawancinsu baftisma da hannunsa ba. Ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban-ruwa, Allah ne ya sa ya yi girma. A sura 16 aya 12 kuma za ka ga Bulus da kansa yana roƙon Afolos ya koma Korinti, wato mutumin da ake kwatanta shi da shi. Ma'aikatan biyu ba su da rigima a tsakaninsu, mabiya ne suka ƙirƙiro ta. Wannan shi ne ma'aunin da za ka auna fastocinku biyu da shi, tsoho da sabo.

Ka fara da sabon, kai kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ya ce. Kada ka tare shi a ƙofar majami'a bayan sujada, lokacin ya gaji kuma idanu na kallo. Nemi ranar Talata ko Alhamis, ka je gidansa, ka ba zaman awa biyu. Rabin awa na farko tambaya za ka yi: yaya ya tarar da ikilisiyar, me ya gani a kwamitin gini da ya sa ya rushe shi, ana biyansa albashi a kan lokaci, wa ya taɓa kai masa ziyara tun zuwansa? Kada ka yi mamaki in ka ji abin da ba ka sani ba. Sau da yawa sabon fasto yakan tarar da lissafin da bai daidaita ba, ya rasa wanda zai amince da shi, sai ya rungume komai da kansa yana zaton gyara yake yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bayan ka saurare shi, ka roƙe shi abu uku a fili. Ya sauke kuɗi daga hannunsa. Ya daina amsa wa masu suka daga kan bagadi. Ya yarda majalisar dattawa ta sake duba lokutan sujada. Kada ka je da jerin laifi goma sha biyar, mutum ba ya iya tuba daga abu goma sha biyar a zama ɗaya.

Maganar kuɗi ita ce za mu daɗe a kanta, domin ita ce ta fi saurin raba ikilisiya kuma ita ce ta fi sauƙin gyara. Ba muna cewa fastonku ya ci ko kwabo ba ne. Wata bakwai ba rahoto ya isa ya haifi zargi ko da mutum tsarkakakke ne. Bulus da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8:18-21 ya tura Titus tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, ya ce suna so su yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. In manzo ya nemi shaidu a kan kansa, babu faston da zai ce neman shaida raini ne.

Ga yadda ake yi. Baiko mutum uku ke ƙirga shi nan take bayan sujada, a ɗakin da ƙofarsa ke buɗe, kuma ukun kada su fito daga gida ɗaya ko ɓangare ɗaya. A rubuta zakka daban, baiko daban, kuɗin gini daban, ukun su sa hannu a takarda mai kwafi biyu, ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin sakatare. A kai banki ran Litinin gaba ɗaya, ba a cire na man janareto daga cikin jaka kafin a kai. Masu sa hannu a asusu su zama uku, sai biyu sun sa kuɗi ya fita, kuma saƙon banki ya riƙa shiga wayar mutum fiye da ɗaya. Kuɗin gini ya samu asusunsa na kansa, don in aka haɗa shi da na yau da kullum albashi da hidimar baƙi za su cinye shi a hankali ba tare da kowa ya yi sata ba. Duk sayayya da rasit, babbar sayayya kuma a nemi farashi daga wuri uku. A wurin gini a ajiye littafin sito: buhun siminti nawa ya shigo, nawa aka fasa, bulo nawa aka buga daga kowane buhu, rodi nawa, tifar yashi nawa. A nan ake yawan samun yoyo, domin rasit na iya cewa buhu ɗari alhali tamanin suka iso. Rahoto a karanta shi kowane wata da Hausa da Turanci, a manna a allon sanarwa. Na watanni bakwai da suka wuce kuwa, ku nemi masu binciken kuɗi biyu daga majalisar da ke sama da ku, kuma binciken ya haɗa da shekara biyun ƙarshe na tsohon kwamiti. In aka binciki sabon fasto kaɗai, ɓangarensa zai ce farauta ce, kuma suna da gaskiya.

Akwai abin da dattawa ba su cika son ji ba. Faston da ake jinkirta masa albashi wata biyu, rufin gidansa na yoyo, 'ya'yansa an koro su daga makaranta, dole ya jingina da masu hannu da shuni biyu ko uku a cikin ikilisiya, kuma daga ranar ya zama nasu. 1 Timoti 5:18 ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. In kuna so fasto ya zama na kowa, ku biya shi daga asusun kowa, a ranar da aka sa.

Sai bagadi. Wa'azin Kora kowace Lahadi habaici ne, jama'a kuma sun san da wa ake. Wanda ke kan bagadi yana magana minti arba'in ba mai ikon amsa masa, saboda haka amfani da wurin don rama magana zalunci ne ko da abin da ake faɗa gaskiya ne. Ka ba shi shawara ya ɗauki littafi guda, kamar Filibiyawa ko Bisharar Markus, ya bi shi aya bayan aya na wata uku. Haka ba wanda zai ce an zaɓo nassi dominsa. In an kawo maka Zabura 105:15, inda aka ce kada a taɓa shafaffu, ka karanta daga aya 8: maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi suna yawo cikin al'ummai, Allah yana tsawata wa sarakuna saboda su. Ba ta hana dattijo tambayar rasit ba. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya lokacin da Bitrus ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. Amma Littafin da ya ba da wannan dama shi ne ya ce a 1 Timoti 5:19 kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Saboda haka takardar ƙorafi marar suna, da muryar da ake turawa a WhatsApp, da "an ce", duka ba su da wurin zama a teburin dattawa. Wanda ke da zargi ya zo da sunansa da ranar da abin ya faru.

Aikin fasto a bayyane yake. Afisawa 4:11-12 ya ce an ba da makiyaya da masu koyarwa domin su shirya tsarkaka ga aikin hidima. 1 Bitrus 5:2-3 ya ce su yi kiwon garken da yardar rai, ba don ƙazamar riba ba, ba da nuna iko ba, su zama abin koyi. Wa'azi, koyarwa, addu'a, baftisma, Jibi, ziyarar marasa lafiya, jana'iza, shirya masu aure, horar da waɗanda za su koyar da wasu: wannan kaɗai ya isa ya cika mako. Faston da ke kasuwa yana cinikin kwano ran Laraba, wata gwauruwa ce ta rasa ziyararsa. Ba ma'aji ba ne, ba ɗan kwangila ba ne, ba wakilin ƙabilarsa ba ne, kuma ba ya zama alƙali a shari'ar da shi ma yana cikinta. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci gare ku, domin a yawancin ikilisiyoyinmu fasto ne ke shugabantar zaman dattawa. A kan wannan batu dole ya ba wani kujerar. Ka duba kundin tsarin ɗarikarku. In ECWA ce, akwai LCC, majalisar ikilisiyoyin yanki, sannan DCC, majalisar gunduma. In COCIN ce, daga LCC ana zuwa RCC, majalisar da ke sama da ita. Ku rubuta wasiƙa ɗaya, dattawa tara su sa hannu, kuna neman a turo mai sulhu. Wasiƙa biyu masu karo da juna daga ikilisiya ɗaya sukan sa shugabanni su ɗauki hanya mafi sauƙi, su canza fasto su bar ciwon. Wanda zai zo bayansa ya tarar da jama'ar da ta koyi cewa riƙe zakka na korar fasto.

Batun sujadar Hausa ba ƙarami ba ne, kuma Ayyukan Manzanni sura 6 ta yi maganarsa kusan kai tsaye. Masu jin Helenanci, wato harshen Girka, sun yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su kira su 'yan tawaye ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, su kuma su tsaya ga addu'a da hidimar Maganar. Duba sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas har Nikolas: dukansu na Helenanci ne. Aka danƙa rabon a hannun mutanen da suka fito daga cikin masu kukan. Tsohuwar da ke tafiya da sanda ba za ta iso majami'a ƙarfe shida da rabi cikin hunturu ba, kuma ita ce ta ɗauki yashi a ka lokacin da aka gina tsohon ɗakin. A gefe guda matasan da suka tashi da Turanci ma 'ya'yanku ne, in ba ku ba su wuri ba za su tafi wani wajen. Mafita mai aiki ita ce Hausa ƙarfe bakwai da rabi ko takwas, Turanci ƙarfe goma, kowace ta tsaya a kan awa biyu, sannan Lahadin Jibi a haɗu wuri ɗaya da mai fassara, mawaƙan ɓangarorin biyu su yi waƙa tare. Hausa ce ta haɗa ƙabilu da yawa a majami'a ɗaya tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932, kuma ikilisiyoyin da suka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya) a 1955 da Hausa suka raɗa mata suna. Abin baƙin ciki ne a ce yau ita ce za ta zama dalilin rabuwa.

Zaman sulhun kansa yana da ƙa'ida. Kada ku fara da taron ikilisiya gaba ɗaya, masu ƙarfin murya ne za su cinye shi kuma kalmar da aka faɗa gaban mutum 300 wuyar janyewa gare ta. Kowane gefe ya zaɓi mutum biyar, a ciki lalle da mace daga Zumuntar Mata da matashi ɗaya. Mai sulhu daga waje ya zauna a kujera, a ajiye wayoyi a tebur. Kowa minti biyar ba katsewa. Kafin wani gefe ya ba da amsa, sai ya maimaita kukan ɗaya gefen da bakinsa har masu kukan su ce "haka ne". Wannan mataki shi ne mafi wuya, kuma shi ne mutane ke tsallakewa. Sakatare ya rubuta koke-koken, a ware na kuɗi, na tsari, da na ɓacin rai tsakanin mutum da mutum. Na kuɗi bincike ke warware shi, na tsari kundi, na ɓacin rai kuwa sai neman gafara da suna, a kan takamaiman magana. Ku sa ran zama uku ko huɗu cikin wata biyu. Ku guji sulhun rana ɗaya, wanda babban baƙo zai zo ya yi wa'azi mai zafi, a ce kowa ya rungumi ɗan'uwansa, a yi kuka, a ɗauki hoto. Littafin kuɗi yana nan a rufe, bayan mako uku a koma gidan jiya. Cikin wannan lokaci kada a sa kowa a horo, kada a yi zaɓen dattawa, kada a sauke shugabar mata ko shugaban mawaƙa. Duk hukuncin da aka yanke ana tsakiyar rigima ramuwa za a ɗauke shi. Kada kuma kowa ya je wurin 'yan sanda ko kotu a kan makullin majami'a, 1 Korintiyawa 6 ta yi magana a kan haka. Inda wannan shawara ba ta kai ba shi ne in bincike ya nuna sata a fili, ko aka sami cin zarafin yaro ko mace. Wannan ba a rufe shi da sunan zaman lafiya, a kai shi gaban majalisar sama da hukuma.

Tsohon fasto kuma sai mutum biyu sun je wurinsa, kai da wani da yake jin nauyinsa. Mai yiwuwa yana ganin ta'aziyya kawai yake yi wa 'ya'yansa. Ku nuna masa cewa duk wayar da ya amsa ya saurari suka a kan magajinsa, itace ya ƙara wa wutar. Ku roƙe shi ya riƙa ce wa masu kiransa su koma wurin fastonsu da dattawansu, ya daina karɓar gayyatar ɗaurin aure ko jana'iza a cikinku sai ta hannun sabon, ya kuma rubuto gajeriyar wasiƙa da za a karanta a sujada yana miƙa jama'ar. In ya ƙi, shugabannin gunduma su sani.

Mutanen Laraba ka je ka zauna da su da kanka, kada ka aika. Ka gaya musu kukansu a kan rahoto da lokacin sujada yana kan hanya, ka kuma gaya musu riƙe zakka don matsa lamba kuskure ne, mai gadi da mai shara da mai bishara na ƙauye ne ke fara jin yunwarsa. In ba su amince da asusun yanzu ba, su ajiye a ambulan su kawo ranar da sabon tsarin ƙirga ya fara. Ka roƙe su wata uku kafin su buɗe ƙofar ajin nan. In bayan an yi duk wannan wasu suka nace sai sun tafi, a sallame su da addu'a da takardar shaida, a ƙarƙashin ɗarika ɗaya in zai yiwu, a matsayin sabon reshe, a rubuta abin da za a ba su na kujeru da littattafan waƙa. Bulus da Barnaba sun rabu a kan Markus bayan gardama mai zafi, daga baya Bulus ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus domin yana da amfani gare shi.

A gida, Baba, ka sa doka ɗaya daga daren yau: ba a maganar fasto a kan abinci. A addu'ar iyali ka ba Mama ta yi wa sabon fasto addu'a da sunansa, ɗanka kuma ya yi wa mutanen Laraba. Kada ka gaya wa ko ɗayansu abin da aka tattauna a zaman dattawa, domin abin da ya fita daga ɗakinka da dare zai isa ɓangarorin biyu kafin azahar. Ran Lahadin Jibi ku fita gida tare ku zauna a benci ɗaya.